Wa Zai Biya Diyyar Huhun Ma'aikacin Masaƙa?

Jama'a, ga shi kuma an fara buga mana gangar farfaɗo da masaƙu. A 2019 Babban Bankin Nijeriya ya zo har Katsina ya ƙaddamar da rabon irin auduga ga manoma, tun daga nan kuwa kowane mai neman kujera sai ya hau dandamali ya rantse zai tada injunan Kaduna da Kano. Madalla. Mu mutanen Damari da Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara ba ma ƙin wannan, don kaɗa tamu ce. Tun zamanin Turawan BCGA iyayenmu ke kai ta fuloti a kan jaki, a gurje ta a Funtuwa, jirgin ƙasa ya kwashe. Amma muna da tambaya guda wadda ba mu ji wani babba ya amsa ba: mutanen da suka shaƙi ƙurarta fa?

Akwai wani dattijo a garinmu, ba zan faɗi sunansa ba, wanda ya yi shekaru a ɗakin shiɓar auduga na wata masaƙa. Ya tafi da ƙarfinsa, yana ɗaukar buhun dawa shi kaɗai. Yau ba ya iya zuwa masallaci sai ya tsaya a hanya ya dafa bango. In ka yi masa magana sai ka ɗaga murya, ƙarar inji ta cinye kunnen. An ba shi maganin tarin fuka, an ce sanyi ne, har an ce sammu. Shi da bakinsa ya gaya mini cewa a farkon abin, ran Litinin kaɗai ƙirjinsa ke ɗaurewa, ranar da ya koma aiki bayan hutu. Kafin Laraba ya sake shi. Daga baya ya daina sakinsa.

To wannan ba sammu ba ne. Likitoci sun san ciwon, suna kiransa bisinosis. Ɗanyar auduga tana zuwa da ɓurɓushin ganye da ɓawo, a jikinsu akwai dafin ƙwayoyin cuta. Inji ya buɗe dila, ya kaɗe, ya shiɓe, ƙura ta tashi, mafi ƙanƙantarta wadda ido ba ya gani ta wuce hanci ta sauka can cikin huhu. Hanyoyin iska su kumbura su tsuke. In an cire mutum daga ƙurar da wuri yana iya warkewa. In an bar shi shekara goma, ashirin, huhun ya lalace ke nan, ba kuwa bokan da zai gyara.

Abin haushin shi ne ba a cikin duhu aka yi ba. Ingila ta fara biyan masu wannan ciwo diyya tun 1941. Masaƙar farko ta Kaduna, wato KTL, sai 1957 aka buɗe ta, da hannun Turawan Ingila a ciki. Shin su da suka kawo injin, sun manta abin da ya yi wa 'yan'uwansu a Lankasha ne? Amurka ma a 1978 ta ƙayyade yawan ƙurar da aka yarda ma'aikaci ya shaƙa, ta tilasta a riƙa auna numfashinsa. Mu kuwa, da aka rufe KTL a 2002, ma'aikatanta sun shekara da shekaru suna bin kuɗin sallama, wasu har suka mutu ba su gani ba. Wanda bai sami haƙƙin guminsa ba, ina zai sami na huhunsa?

Kada wani ya ce ba doka. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta wa mai masana'anta ya kawar da ƙura, ya shigo da iska, ta kuma naɗa sufetoci. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ce mai kamfani ya zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun NSITF, don wanda aiki ya naƙasa ko ya sa wa ciwo. Amma lebura da aka ɗauka aikin rana-rana a gidan gurza lokacin kaka, ba takarda, ba suna a littafi, da me zai je ya nuna a can ya kwaso tarinsa? Sai ya komo gida, matarsa ta sayar da akuya.

Saboda haka muna gaya wa wakilanmu na majalisa da ƙungiyar ma'aikatan masaƙu da teloli: duk kamfanin da za a ba rancen gwamnati ko sassaucin haraji, a fara shiga ɗakin shiɓarsa a ga injin zuƙe ƙura yana aiki, ba a rataye shi don baƙi ba. A auna numfashi da jin kowane ma'aikaci ranar da aka ɗauke shi, a sake aunawa kowace shekara, a ba shi takardar ya riƙe a hannunsa, har da na rana-rana. Tsumman da yaranmu ke ɗaurawa a hanci ba ya tare wannan ƙura.