Yadda Ya Kamata A Jarraba Mai Sassaƙar Dutse

Jama'a, a cikin sana'o'in hannu da a ke jarraba yara a kansu, ban san wadda ta fi sassaƙar dutse saurin tona asirin mai jarrabawa ba. Dalili kuwa, dutse ba ya karɓar gyara. Tela in ya ɓata ɗinki ya warware, mai ginin ƙasa in ya karkace ya jiƙa ya sake yaɓe. Amma mai sassaƙar dutse in ya cire abin da bai kamata ya cire ba, shi ke nan, ya tafi. Saboda haka a ganina malamin da ya tsaya daga nesa ya dubi dutsen da yaro ya gama, ya ce, "Ya yi kyau, bakwai cikin goma," bai jarraba kome ba. Tun da ya ke malanta mu ke koyo a nan, waɗansunmu kuwa makarantun sana'a za a tura su, maganar ta shafe mu.

Bari in fara da faɗin irin aikin da na ke nufi, don ba fasa dutse na kankare ba ne. A Ingila da Faransa, inda sana'ar ta kafu ƙwarai, masu aikin dutse kashi biyu ne. Akwai mai sassaƙa a kan benci, akwai mai ɗora duwatsun a jikin gini. Na bencin shi ne ke fid da siffar gefen dutse, watau irin tudu da kwarin nan da ku ke gani sun zagaye ƙofa ko taga ko kan bango, wani wuri ya loɓa kamar cikin ludayi, wani ya turo kamar rabin gora. Ba da ka ya ke fid da su ba. Samfur a ke ba shi, wanda aka yanka daga fallen tutiya ko na roba, a dā kuwa da katako a ke yi. Al'adar tsohuwa ce. Da majami'ar Kantabari ta ƙone a 1174, aka ɗauko wani magini Bafaranshe, Wiliyam na garin Sens, labarin aikinsa kuwa ya nuna shi ne ya riƙa raba wa masassaƙa samfurorin da za su bi. Amfanin samfur shi ne mutum goma su sassaƙa dutse goma, a jera su, tudu ya haɗu da tudu, kwari ya haɗu da kwari, kamar hannu guda ya yi su.

To, yaya a ke yi? Da fari yaro ya daidaita fuska guda ta dutsen. Ya fara share bakin gefe ɗaya da kurfi har ya miƙe, sa'an nan ya share gefen da ke daura da shi, ya aza miƙaƙƙen ƙarfe a kan kowanne, ya durƙusa ya hanga, ya ga ko sun yi daidai ko akwai murɗiya. In babu, ya haɗa sauran gefe biyu, ya cinye tsakiya. Daga wannan fuska ce zai auna sauran da sikwaya. Bayan haka ya aza samfur a ƙarshen dutsen nan da can, ya zana, ya ja layi ya haɗa su. Ko a nan ba ya fāɗa wa lanƙwasa kai tsaye. Yankan miƙe ya ke yi tukuna, ya rage nan, ya rage can, har abin da ya saura ya kusa zama lanƙwasar, kāna ya gyare ta. In fuskar farko ta murɗe, duk abin da ya biyo baya ya murɗe, ko da ido bai gani ba.

Abu na farko da na ke so ke nan: kada mai jarrabawa ya shiga ɗakin aiki da ido kaɗai. Ya zo da miƙaƙƙen ƙarfe, da sikwaya, da samfur na kishiya, watau wanda inda dutse ya turo shi ya loɓa. Ya ɗora a wuri uku ko huɗu, ya duba ko haske ya ratsa tsakani. Kuma tun kafin a fara a gaya wa yara nawa ne kuskuren da za a yafe, milimita ɗaya ne ko biyu, a rubuta a allo. Wannan ba tsanani ba ne. A ginin dutse mai kyau, tsakanin dutse da ɗan'uwansa ba ya wuce kamar milimita 3. Wanda ya kauce da milimita 2 a nan, abokinsa ya kauce da 2 ta can, ina sauran wurin kwaɓi?

Abu na biyu shi ne wanda na fi damuwa da shi. Dutse guda yana da fuskar da jama'a za su gani, yana da waɗanda za su ɓuya cikin bango har abada, watau ƙasansa da bisansa da gefen da ya jingina da maƙwabcinsa. Yaro mai wayo ya san inda idon malam ke zuwa. Sai ya ɓata yini yana goge fuska, ƙasan kuwa ya rarake shi kaɗan, don baki ya zauna lif a kan benci ba tare da wahalar daidaita tsakiya ba. In ka duba daga waje, ba ka ganin aibu. Amma ranar da nauyin gini ya hau, bakin nan ne kaɗai zai ɗauka, sai ya fara tsagewa yana zubewa.

Kada ku ce tsoratarwa ce. Akwai wani babban gini a Faris, ana kiransa Panthéon, wanda magini Soufflot ya tsara, aka gama shi a 1790. Ginshiƙan da ke ɗauke da ƙubbarsa sun fara tsagewa tun ba a gama aikin ba. Cikin dalilan da aka gano har da wannan: an sassaƙa duwatsun yadda haɗinsu zai fito siriri gwanin kyau daga waje, daga ciki kuwa an bar rata mai faɗi an cika da kwaɓi. Da kwaɓin ya lotsa, nauyi ya koma bakin duwatsu. Sai da Rondelet, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin Soufflot, ya ƙara wa ginshiƙan kauri a farkon ƙarni na 19. Waɗannan fa ba yara ba ne, gwanaye ne na birnin Faris. In ni ne mai raba maki, fuskokin da ke ɓuya ba za su sami ƙasa da na fuskar ado ba, kuma sai an kifar da kowane dutse an auna ƙasansa.

Na uku, a tsaya a ga yaro yana aiki. Dutsen da aka gama ba ya faɗin yadda aka yi aka kai can. Ba ya faɗin cewa kusurwa ta ɓalle an manna ta da gam da garin dutse, ko an bi kuskure da injin guga har ya ɓace, girman dutsen kuma ya ragu. Mai jarrabawa ya ga ko yaro ya duba kwanciyar dutsen kafin ya fara, gama dutsen yashi da na farar ƙasa hawa-hawa su ke, kamar takardun littafi, in aka tsai da su ba bisa ƙa'ida ba ruwa ya shiga ya riƙa ɓare su. Ya ga ko in ya zo kusa da kusurwa yana sara zuwa cikin dutse ne ko zuwa waje. Ya ga ko ya san lokacin da kurfinsa ya dakushe. Har kunne ma yana da aiki, don ƙarar dutse mai lafiya dabam ta ke da ta mai tsaga a ciki. Tsofaffinmu mata sun san wannan, ba su sayen dutsen niƙa sai sun ƙwanƙwasa.

A nan ne kuma za a ga ko yaro ya rufe hancinsa da abin kāriya, ko ya jiƙa dutse don ƙura ta kwanta. Ƙurar dutsen yashi da ta giranit tana lalata huhu, cutar kuwa ba ta warkewa. Ƙasar Ostareliya ta kai ga hana aiki da wani irin dutsen haɗi na masana'anta a 2024 saboda yadda ya ke kashe ma'aikata matasa. Yaron da ya fid da siffa mai kyau cikin hazon ƙura bai cancanci cikakken maki ba.

Wani zai ce, "Malam, ai in ka bar wa mai jarrabawa ya duba hannu, ka buɗe ƙofar son kai." Gaskiya ne, amma akwai magani. Gasar sana'o'i ta duniya da a ke kira WorldSkills, wadda ta faro a Sifen a 1950, ta raba makinta gida biyu. Abin da ma'auni ke iya faɗa a bar wa ma'auni. Abin da sai ido, kamar tsabtar sāwun kurfi, alƙalai uku ne ke dubawa, kowa ya ba da nasa daga sifiri zuwa 3, in sun yi nisa da juna su sake zama. Ba abin da zai hana makarantar sana'a yin haka, ko da malamai biyu ne.

Batun takarda fa? Ban ce a soke ta ba. Hukumar City and Guilds ta Landan, wadda aka kafa a 1878, da tamu NABTEB da aka kafa a 1992, duk don a ba mai sana'a shaidar da za a yarda da ita aka yi su, shaida kuwa tana bukatar sani. Amma in tambayar takarda ita ce "Kawo sunayen kayan aiki biyar," ai ko wanda bai taɓa riƙe guduma ba ya ci. Jarrabawar takarda ta mai sassaƙa ita ce a ba shi zane da awo, da rula da kamfas, ya fid da samfurinsa da kansa, ya yanka, sa'an nan da shi zai yi aikin. In lissafinsa ya karkace dutse zai faɗa.

Akwai masu cewa inji ya kashe sana'ar, kwamfuta ke yanka dutse yanzu. Inji yana yanka, lalle, ya kuwa rage wahala. Amma da majami'ar Notre-Dame ta Faris ta ƙone a 2019, masassaƙan dutse na hannu suna cikin waɗanda suka tsaya a kanta har aka sake buɗe ta a Disamba 2024. Wanda bai san yadda siffa ta gari ta ke ba, ba zai san ranar da injin ya yi ƙarya ba.

Abin da zan ja kunnenmu a kai shi ne kada mu kwafo lokacin Turawa ido rufe. Dutsen Bath da na Portland da su ke koyo da shi dutsen farar ƙasa ne, kurfi na cinsa da sauƙi. Namu na farar ƙasa, irin na Ewekoro da Nkalagu da Ashaka, yawancinsa siminti a ke yi da shi. Akwai mabul a Jakura da Igbeti, amma abin da ya fi kusa da yawancin makarantunmu giranit ne, mai taurin kai. Siffar da yaro zai fitar cikin yini guda a dutse mai laushi tana iya cinye masa kwanaki a giranit. Malam ya fara sassaƙa aikin da hannunsa, da irin dutsen da kayan da za a ba yara, ya ga awa nawa ya ci, kāna ya yanka musu lokaci. Duwatsun kuma su fito daga wuri guda, kada wani ya sami mai laushi wani mai jijiya.

In an gama kada a zubar da duwatsun. Masassaƙan Turai na dā kowa yana da alamarsa da ya ke sarawa a jikin dutsen da ya yi, don a san mai aikin, har yau kuwa ana ganinsu a tsofaffin gine-ginensu. Mu ma kowane yaro ya sara lambarsa a ƙasan nasa, a jera su a sito tare da samfurorin da takardar maki har shekara guda. In baƙon mai jarrabawa ya zo daga waje, ko wani yaro ya ce an zalunce shi, sai a ɗauko dutsen da sikwaya a sake aunawa a gaban kowa.