Albarkar Ibada da Abin da Wusasa ta Nuna

Masu auna albarkar ibadar Kirista da yawan mabiya ba su ɗauki mudun da ya dace ba, domin hidima ga jama'a ita ce ma'auninta. Likita Walter Miller ya zauna birnin Zariya a 1905, ya daɗe yana wa'azi, amma yawan mabiyansa bai taka kara ya karya ba. Da mishan ta koma Wusasa a 1929, sai ga majami'ar ginin ƙasa, ga makaranta, ga asibiti mai karɓar Musulmi da Kirista. Daga cikin wannan 'yar ƙaramar jama'a aka sami R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975.