Ƙwallon Turai, Gem da Yaron Dutse

Duk wanda ya zaga unguwannin Dutse da yammacin ranar Asabar, ko ya ratsa ta Shuwarin da Kiyawa da Jahun da Birnin Kudu, da wuya ya rasa ganin wani allo jingine a ƙofar rumfar kwano, an rubuta masa sunayen ƙungiyoyin da za su kara da lokacin karawar. Wannan shi ne gidan kallon ƙwallo. Sau da yawa kusa da shi akwai wani ɗan shago da yara suka yi cincirindo a ciki, biyu na riƙe da na'urar PlayStation, sauran na jiran layi. Shi kuma ana ce masa gidan gem. Waɗannan wurare biyu sun zama wata makaranta da ɗalibi yake halarta ba tare da an kora shi da bulala ba, don haka ya zama wajibi mai shirin zama malami ya san abin da ake koyarwa a cikinta.

Son ƙungiyoyin Turai bai faɗo daga sama ba. Bayan Nijeriya ta ci lambar zinare a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996, sai 'yan wasanta suka bazu a manyan ƙungiyoyi, 'yan kallo kuma suka bi sawunsu. Nwankwo Kanu ya koma Arsenal a 1999, Mikel Obi ya shiga Chelsea a 2006. Mutane da dama ta nan suka ƙulla ƙauna da waɗannan ƙungiyoyi, har 'ya'yansu suka gada. Tauraron ɗan'adam ya kawo wasan cikin unguwa, gidajen rediyo na kawo sharhi da Hausa, daga baya wayar hannu ta zo ta sa labarin cinikin ɗan wasa a Madrid yana isowa Gwaram tun kafin a tashi daga kasuwa.

Shi kuwa gem, abin da ya yi shi ne ya mayar da ɗan kallo mai horarwa. Kamfanin EA Sports ya fara fitar da wasan FIFA a 1993, ya sauya masa suna zuwa EA Sports FC a 2023. Wasan PES na kamfanin Konami, wanda samari suka daɗe suna bugawa, ya koma eFootball a 2021. A cikin irin waɗannan wasanni kowane ɗan wasa yana da maki da ke nuna gudunsa da ƙarfinsa da iya harbinsa. Yaro ya zaɓi mutum goma sha ɗaya, ya jera su, ya sauya wanda ya gaji. Saboda haka idan ya buɗe baki a majalisa yana cewa koci ya yi kuskure da ya ajiye wane a benci, ba da ka yake magana ba, ya gwada abin da yatsunsa. Labari yana ciyar da gem, gem kuma yana ciyar da musu.

To, a nan ne gizo ke saƙa. A tambayi wannan yaro sunayen 'yan wasan Barcelona, zai jero su har da na benci. A tambaye shi mai tsaron gidan Jigawa Golden Stars, ƙungiyar jiharsa, sai ya yi zuru. Ƙungiyar ta hau babbar gasar Nijeriya a 2019, kakar farko annobar korona ta katse ta a 2020, sannan ta faɗo a 2021, kuma a wancan zama ta riƙa karɓar baƙinta a filayen wasu jihohi. Yaya za a so abin da ido bai gani ba? Ko Kano Pillars, wadda ta ci kofin gasar a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, babu ita a cikin jerin gasannin da EA Sports FC yake ɗauke da su, domin gasar Nijeriya ba ta ciki. Ke nan yaron da gem ya rena ya tashi da tunanin cewa ƙwallon gaske a Turai kaɗai ake yin ta, ta gida kuwa wasan yara ce. Alhali Ahmed Musa, wanda ya zura wa Ajantina ƙwallo biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014, ya sake zura wa Iceland biyu a 2018, a Kano Pillars tauraronsa ya fara haskawa.

Iyaye da malamai da yawa suna ganin maganin abin shi ne hani, kuma kukansu yana da hujja. Wasannin Zakarun Turai ana buga su ne daren Talata da Laraba, wani lokaci ba a tashi sai wajen ƙarfe goma sha ɗaya, washegari kuma ɗalibi yana gyangyaɗi a aji. Kuɗin tara yakan ƙare a gidan gem. Mafi muni shi ne cacar ƙwallo, wadda ke laɓe a bayan wannan sha'awa tana jiran wanda ya ɗauka ya ƙware da hasashe. Kan caca babu sassauci, addini da hankali duk sun hana. Amma hana kallo da gem baki ɗaya abu ne da ba ya yiwuwa, tunda gem ɗin yanzu yana cikin wayar da ke aljihu. An rufe ƙofa da ɓarawo a ciki ke nan.

Abin da ya fi dacewa da malamin Hausa shi ne ya janyo wannan sha'awa cikin aji, ya karkata akalarta zuwa gida. Harshen ƙwallo kansa darasi ne na ƙirƙirar kalmomi. Wanda ya fara cewa “satar gida” ko “bugun daga kai sai mai tsaron gida” ya yi wa Hausa aiki, domin ya duba ma'ana ya ɗinka mata riga daidai jikinta. A gefe guda kuma ga kalmomin aro da suka zauna daram, irin su gola da fenareti da kwana da koci. Malami na iya sa ɗalibai su tattaro kalmomin da ake ji a gidan kallo, su ware na aro da ƙirƙirarru, su nuna yadda Hausa ta lanƙwasa furucin kowace. Ɗalibin da ba ya iya cika rabin shafi a kan “Ranar da ba zan manta da ita ba” sai ga shi ya cika shafi biyu idan aka ce ya kare ra'ayinsa a kan wane ne gwani tsakanin Messi da Ronaldo. A nan ne za a koya masa bambancin hujja da hayaniya, da kuma bambancin labari tabbatacce da jita-jitar ciniki da ke yawo a waya.

Sai dai kada aikin ya tsaya a Turai. A tura ɗalibai filin unguwa ko na makaranta ranar da aji biyu za su kara, ɗaya ya yi sharhi da baki kamar a rediyo, wani ya rubuta rahoto, wani ya yi hira da kyaftin ɗin da aka ci. Ranar Litinin a karanta rahoton a gaban aji, da sunan wanda ya ci ƙwallon da minti nawa ya ci ta, a liƙa shi a allon sanarwa inda 'yan sauran azuzuwa za su gani.