Amfili da zafin bazara: ruwa ko firigo za su yi magani?

Bazara ta kama. A Maradi, Damagaram, Tawa da Yamai, zafi yakan wuce digiri 40 a inuwa cikin watannin Afirilu da Mayu. Mutum na neman gindin bedi, dabba na neman bakin rijiya. Akwai kuma wani da ke shan wuya a wannan lokaci, amma ba ya iya kawo kuka. Shi ne amfili, akwatin nan mai ƙara ƙarfin murya, wanda ake haɗawa da lasifika a masallaci, ko wurin buki, ko taron ƙungiyar manoma.

Garuruwa da yawa da kuɗin karo-karo suka sayi nasu. Wani ya kawo damin hatsi, wata ta saida akuya. In ya ƙone, ladan ya koma ga maƙogwaronsa, waɗanda ke can gona ko ruga ba su jin kira. Shi ya sa wasu masu kula da amfili, da sun taɓa shi sun ji kamar kaskon tuya, sai su shimfiɗa masa jiƙaƙƙen tsumma. Na kusa da birni ya sayo ƙanƙara cikin leda ya aza. Har akwai masu tambaya ko a saka shi cikin firigo. Niyyar tana da kyau, amma ta haka ake kashe shi.

Amfili yana shan kuran daga batir ko fanon rana. Ba duka kuran ɗin ke zama murya ba. A irin amfilin da aka fi sani, rabi ko fiye da rabi zafi yake zama. Zafin yana taruwa a wasu ƴan abubuwa da ake kira taranzisto, waɗanda ba su fi dabino girma ba. A Amurka aka ƙirƙiro su a shekarar 1947. Yawancinsu ba su jure zafin da ya wuce digiri 150 a cikinsu. Don haka ake ɗaure su jikin wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji. Ƙarfen ya janye zafi, iska ta bi tsakanin haƙoran ta kwashe. To, in iskar kanta ta kai digiri 43, aikin ya ƙara wuya.

Akwai kuma ƴan gwangwanaye a ciki, kwandansatar, masu ɗan ruwa-ruwa. Su ba su mutuwa rana ɗaya. Zafi ne ke busar da su sannu-sannu. A lissafin masu ƙera su, duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanansu. Amfilin da ya fara gurnani ko muryarsa ta dushe, sau da yawa daga nan ne.

Batun ruwa ba shirme ba ne. Lita ɗaya ta ruwa tana ɗaukar zafin da sai an tara iska fiye da lita 3000 kafin ta ɗauka. Duk wanda ya ga direba na zuba ruwa a radiyatar ta mota ya ga wannan dabara. Ruwa ya zagaya jikin inji, ya ɗauko zafi, ya kai wurin da iska za ta huce shi, ya sake komawa. Manyan gidajen radiyo sun daɗe da yin haka. A shekarar 1934, wani gidan radiyo mai suna WLW, kusa da birnin Sinsinati a Amurka, ya tada na'urar watsa magana mai ƙarfin wat dubu 500. Lokacin babu taranzisto, manyan fitilun lantarki ke aikin. Da ruwa ake sanyaya su, har aka gina tafki mai feshi a waje don zafin ya fita. A ƙasashen Turai ma akwai masu sha'awar sauti da ke haɗa amfili da ɗan famfo, da tiyo, da ƙaramar radiyatar.

Amma a duba da kyau. A duk waɗannan wurare ruwan da ke zagaya na'urar yana kulle cikin tiyo, ba ya zuba kan wayoyi. Kuma ba ruwan rijiya ba ne. Tataccen ruwa ne, irin wanda ake zubawa a batir. Ruwan rijiya yana da gishiri da kanwa a narke. Kuran na bi ta cikinsa, yana kuma barin farin dasashi irin na gindin butar shayi, wanda ke toshe tiyo. Ɗigo ɗaya a kan wayoyin ciki ya isa ya haɗa hanyoyin da bai kamata su haɗu ba. In famfo ya tsaya ba a sani ba, zafi ya taru nan da nan. Wannan aikin masu kuɗi ne da masu kayan gyara a kusa. Tsumma kuwa laifinsa biyu: yana ɗiga, yana kuma toshe kafofin da zafi ke fita.

Firigo shi ma ba ya kashe zafi. Ɗauke shi yake daga ciki ya zubar ta baya, shi ya sa bayansa kullum da ɗumi. An yi shi don nono, nama da magani, abubuwan da in sun yi sanyi sun yi ke nan. Amfili kuwa murhu ne da ke ci. In an rufe shi ciki, injin firigo ba zai huta ba, ya sha kuran mai yawa, wataƙila a yi asarar biyu.

Babbar matsalar ita ce raɓa. Kowa ya ga kwalba da aka fiddo daga firigo tana gumi. Ba daga ciki ruwan ya fito ba, laimar iska ce ta kwanta a jikin abu mai sanyi. Haka ƙarfen amfili zai yi in an sanyaya shi ya fi iskar ɗaki sanyi, musamman da damina. Ledar ƙanƙara ko ba ta huje ba, tana wannan gumi, ƙarfen da ke ƙarƙashinta ma yana yi ta ciki, inda ido ba ya gani.

Abin da amfilin ƙauye ke so bai kai tsadar ƙanƙara ba. Inuwa, da nesa da kwanon rufi. Ɗakin laka ya fi masa. A ɗora shi kan tebur, a bar kamar taƙi ɗaya tsakaninsa da bango. Kada a kulle shi cikin akwati yana aiki don tsoron ɓarawo, sai in an huda akwatin sama da ƙasa, domin iska mai zafi sama take tashi. Bayan hunturu, a cire waya, a share ƙurar haƙoran ƙarfen da busasshen buroshi, don ƙura bargo ce. Ƙaramar fanka mai bolt 12, tana hura haƙoran, tana aiki da batir ɗaya da amfili, kuma ba ta kawo raɓa.

Wani abin da ake yawan mantawa shi ne yawan lasifika. Kowace unguwa na so a juya mata tata. A bayan amfili an rubuta lamba, 4 ko 8, da alamar om. Lasifika biyu masu om 8, in an ɗaura su wuri ɗaya, sun zama 4. In huɗu ne, sun zama 2. Lamba na raguwa, kaya na ƙaruwa, kamar jakin da ake ta ƙara wa mangala. Kafin a ƙara lasifika, a tambayi mai gyaran radiyo. Garin da zai sayi sabo, ya nemi wanda ake kira kalas D. Shi kusan kashi 90 cikin 100 na kuran yake maida murya, zafinsa kaɗan ne.

Ga gwaji mai sauƙi: a ɗora tafin hannu a bayan akwatin. In ba a iya ƙirga 5 ba sai an janye, a rage murya ko a kashe ya huta. In kuwa ruwa ya riga ya shiga, kada a kunna don a gani ko yana yi. A cire batir, a bar shi ya bushe kwana biyu ko uku, sannan a kai wa mai gyara. Kada a buɗe shi a gida, domin gwangwanayen nan suna riƙe kuran ko bayan an cire waya.