Tsadar Wasannin Bidiyo: Saye Ne ko Aro?

Kusan shekara goma sha biyar, wato daga 2005 zuwa 2020, ana sayar da sabon babban wasan bidiyo a Amurka a kan dala 60. A 2020 kamfanin Take-Two ya ɗaga farashin NBA 2K21 na sababbin na'urori zuwa dala 70, sauran kamfanoni suka bi sahu. A 2025 kuma Nintendo ya fito da Mario Kart World a kan dala 80. Tun daga nan ake ta ka-ce-na-ce.

Hujjar kamfanoni ita ce, babban wasa yakan ci shekaru da ɗaruruwan ma'aikata kafin ya kammalu, ga shi kuma darajar kuɗi ta zube. Wannan batu yana da ƙamshin gaskiya, domin abin da dala 60 ke saye a 2005 sai an ba da fiye da dala 90 a 2025. Su kuwa masu wasa kukansu shi ne aljihu ya yi rauni. Kukan bai tafi a banza ba, domin Microsoft ya sa wa The Outer Worlds 2 dala 80, amma ya mayar da shi 70 tun kafin ya fito.

Sai dai ba nan gizo ke saƙa ba. Hausawa kan ce araha ba ta ado, don haka tsada kaɗai ba aibu ba ce. Abin tambaya shi ne, me mai saye ya mallaka bayan ya biya? Alal misali, wasan The Crew na kamfanin Ubisoft ya fito a 2014, kuma ba ya yiwuwa sai da intanet. A watan Maris na 2024 kamfanin ya rufe na'urorin da ke ɗauke da shi, wasan ya mutu a hannun duk wanda ya saya. Ashe izinin amfani aka sayar musu, ba wasan ba. Wannan ne ya sa mutum fiye da miliyan ɗaya a ƙasashen Tarayyar Turai suka sa hannu a takardar koke a 2025.

Wanda ya sayi littafi yana iya ara wa aboki, ko ya sayar, ko ya bar wa magada. In har kamfani na son kuɗin saye, to, wajibi ne ya sallama kaya. In kuwa haya yake bayarwa, sai ya faɗa ƙarara, ya karɓi kuɗin haya. Kayan aro dai ba ya rufe katara, ko da nawa aka biya.