Dokin allo ba ya cin kuɗi, mu ne muke koya masa

Duk daren Asabar, idan mun dawo daga sallar isha'i a babban masallacin Zongo na nan Kwatano, akan shimfiɗa tabarma a tsakar gidanmu a fito da allon dawaki. Masu jin Faransanci suna ce masa petits chevaux, wato 'yan dawaki. 'Yan uwanmu na Najeriya ɗan uwansa suka fi sani, wato ludo. Dukansu biyun jikokin wani tsohon wasan Indiya ne mai suna pachisi, wanda da wuri ake jefa shi tun kafin Turawan Ingila su yi wa ludo rajista a 1896.

Ga wanda bai taɓa gani ba, allon yana da launi huɗu, kowane launi da dawakinsa huɗu a ɗaure a turke. Dokinka ba ya fita sai ƙwayar da ka jefa ta ba ka shida. Daga nan zai zagaye gidaje 56, sannan ya hau matakala shida ta launinsa har ya kai tsakiya. Idan dokin wani ya sauka daidai gidan da naka yake, to naka ya koma turke ke nan, ko da taku biyu ya rage masa. Nan ne ake jin ihu har bakin titi.

Mu huɗu muka saba zama: ni, da maiɗakina, da ƙanena mai tuƙa zemijan, da maƙwabcinmu tela Bayarabe wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu. Yara suna jiran layi, Inna kuma tana gefe da carbinta, ita ce alƙaliya idan gardama ta tashi. Shekaru muka yi a haka ba wanda ya taɓa kwana da haushin wani.

A dogon hutun bara ne ƙanena ya ce, "Yaya, wasan nan ya fara sanyi, mu sa dala ashirin-ashirin mana ya yi armashi." Dala ashirin sefa 100 ce kawai, ko kuɗin zemijan daga nan zuwa kasuwar Dantokpa ba ta kai ba. Na yi dariya na ce a sa. Ni da nake koyar da 'ya'yan mutane tarbiyya, ni na fara ajiye tawa a gefen allo, yara suna kallo.

Bayan an koma makaranta da 'yan makonni, wata rana lokacin hutun hantsi na leƙa bayan ajina na CM2. Sai ga yara huɗu a tsugune. Sun zana allon a bayan kwali, marafan kwalba ne dawakinsu, ƙwayar jifa kuwa guntun sabulu suka sassaƙa suka ɗiga masa idanu da biro. A tsakiya ga 'yan kuɗin karin kumallonsu. Da na bincika, akwai yaron da ya yi kwana uku bai ci komai a makaranta ba, kuma ana bin sa bashin dala arba'in. Shugaban wannan zama ɗan yayata ne, wanda a gidana yake zaune. A makaranta Malam yake ce mini, amma ranar da na ɗaga murya na tambaye shi inda ya koyi wannan, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ai a gida na gani."

Wallahi ban sami abin cewa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Da labari ya kai gida, Inna ta ce, "Ɗan nan, ka jefa abin nan a murhu kowa ya huta." Na san iyaye da yawa a Zongo za su goyi bayanta. Ni dai ban ƙona allon ba, kuma dalilina ne ya sa na ɗauki alƙalami. A ganina, allon da ya yi shekaru a gidanmu lafiya lau bai sauya hali dare ɗaya ba. Abin da ya sauya shi ne dala ashirin ɗin da muka ɗora masa. Idan muka ƙona kwali muka bar ɗabi'ar, yaro zai zana wani gobe, kamar yadda na gani da idona.

Bari in faɗi abin da allon nan yake yi wa gida idan babu kuɗi a kansa. A kwalejin horar da malamai ta Jugu an koya mana cewa yaro yana kama lissafi da hannu kafin ya kama shi da ka. Ƙaramar 'yata ta iya ƙirga har 56 kafin ta shiga aji ɗaya, kuma a kan allon nan ta koya. Manyan yaran kuma sun gane da kansu cewa shida tana fitowa kusan sau ɗaya cikin jifa shida, kuma ƙwaya ba ta tuna jifan da ya wuce. Yaron da ya fahimci wannan, da wuya wani ya yaudare shi da cewa "yau rabonka ne, tunda jiya ka faɗi."

Abu na biyu ya fi lissafi muhimmanci. A gidan Bahaushe, ina ne yaro yake ganin an kayar da babansa a gabansa, baban ya yi dariya ya ce a sake? Ina ne 'yar shekara bakwai take mayar da dokin kawunta turke ba a ce ta yi rashin kunya ba? Hausawa suka ce in ana dara fidda uwa ake. Wannan ɗan lokacin da girma yake ajiye rawaninsa, a nan yaro yake koyon faɗuwa ba tare da kuka ba, da cin nasara ba tare da gori ba. Ina ganin yaran da ba su koyi wannan ba duk shekara idan sakamakon jarrabawar CEP ya fito.

Na uku, gidajenmu na Zongo ƙuntatattu ne, filin wasa ya yi ƙaranci, titi kuma cike yake da babura. Idan ka hana yaro allo a tsakar gida, waya zai koma. Wasan ludo ɗin ma yana cikinta, Ludo King da ya fito a 2016 ya shiga hannun kowa lokacin kullen korona a 2020. Bambancin shi ne a waya yaro shi kaɗai ne, ba Inna a gefe, kuma tallar cacar ƙwallo tana nan kusa da yatsansa.

To, me ya sa nake ɗaukar dala ashirin da zafi haka? Saboda a garin nan akwai wasu dawakin da suka fi na kwali haɗari, kuma hanya ɗaya ce daga wannan zuwa wancan. Duk wanda ya zaga Kwatano da safe ya ga magidanta a gaban rumfunan PMU, kowa da takardar jadawali da biro, suna nazarin dawakin da za su yi sukuwa a filayen Vincennes da Longchamp na birnin Paris. Mutum bai taɓa jin hanjirin dokin ba, bai san kalar gashinsa ba, amma ya ɗora masa kuɗin cefane. Tsarin canken dawaki uku na farko, wanda ake kira tiercé, a Faransa aka ƙirƙiro shi a 1954, daga baya ya bazu a ƙasashenmu masu amfani da sefa.

Mu yi lissafin aji shida. Idan dawaki 16 suka fita, hanyoyin da uku na farko za su iya jeruwa su ne 16 sau 15 sau 14, wato 3,360. Idan biyar na farko ake nema a jere, hanyoyin sun kai 524,160. Na yarda dawaki ba ƙarfinsu ɗaya ba, mai nazari yana iya rage yawan. Amma ga abin da nazari ba ya canzawa: duk kuɗin da masu caca suka zuba a tukunya ɗaya ake tarawa, mai rumfa da hukuma su fara cire kasonsu, sannan a raba saura ga waɗanda suka dace. Ke nan jimillar abin da ake mayar wa jama'a kullum ba ta kai abin da suka zuba ba. Mutum ɗaya zai iya dacewa yau, amma masu cacar gaba ɗayansu asara suke yi kowace rana.

Yaron da ya saba cewa doki ba ya daɗin kallo sai da kuɗi a kansa, ranar da ya fara samun na kansa ya riga ya san ƙofar da zai nufa. Mu muka share masa hanya a kan tabarmar gida.

Nakan ji masu wannan harka suna cewa ai Musulunci ya halatta sukuwa har da kyauta. Gaskiya ne hadisi ya zo da halaccin sa kyauta a tseren dawaki da na raƙuma da harbin kibiya. Amma wannan kyautar ta mahayi ce, wanda ya yi kiwon dokinsa ya hau ya yi gumi. Ba ta ɗan kallo ba ce da ya zauna a inuwa yana canke. Mu da muka san hawan Gani a Nikki da hawan daushe a Kano, mun san darajar doki tana ga mai riƙe da linzami.

Akwai kuma maganar da ba zan tsallake ba, don na san masu karatu za su tayar da ita. Hani ga wasan nardu, wanda da ƙwayar jifa ake yin sa, ya zo a Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim. Mafi yawan malamai sun tafi a kan hana shi ko da babu kuɗi, kuma da yawa a yau suna sa ludo da danginsa a wannan hukunci. Wasu ƙalilan sun sassauta idan babu caca kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba. Ni malamin boko ne, ba ni ba fatawa. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da ƙwayar jifa ba, ga dara nan ta kakanninmu: gurbi 30, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya na abokin karawarka. Babu sa'a a cikinta, tunani ne zalla, kuma ƙasa da tsakuwa sun isa. Duk amfanin da na lissafa a sama yana cikinta, har ta fi. Abin kunya ne ma a ce yaranmu na Zongo sun san dokokin wasan Faransawa amma ba su san yadda ake dasa dara ba. Mun fara koya musu ita a gidanmu, kuma yanzu wasu Asabar ɗin ita ake shimfiɗawa.

Inda babu saɓani ko kaɗan shi ne kuɗi. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa caca da giya a hani guda, kuma ba ta ware ƙaramar caca ba. A nan ne na yi kuskure, domin na ɗauka ƙanƙantar kuɗin ta wanke shi.

Ga abin da muka tsayar a gidanmu tun daga ranar. Ba a ɗora komai a kan allo, ko goro, ko alewa, ko "wanda ya faɗi ya sayo shayi", domin wannan ma caca ce ta sa hula. Shayi na maigida ne, ko ya ci ko an cinye shi. Idan aka kira salla ana naɗe tabarma ko dokin wa ke bakin matakala. Muna da tsohon littafin rubutu da ake sa sunan wanda ya yi nasara kowane mako, kuma na lura yara sun fi damuwa da ganin sunansu a ciki fiye da yadda suka damu da kuɗi. Sannan na tara yaran nan huɗu a gaban iyayensu, aka mayar wa kowa kuɗinsa, aka yafe bashin, ni kuma na faɗa da bakina cewa daga wurina ɓarnar ta faro. Wannan ya fi mini wuya fiye da komai, amma ban ga yadda zan hukunta yaro a kan abin da ya kwafa daga hannuna ba.

Ƙanena ya yi ƙorafi mako biyu cewa wasa ya koma na yara. Asabar ɗin da ta wuce, ƙaramar 'yata ta mayar da dokinsa turke saura taku ɗaya ya hau matakala. Ihun da ya yi sai da maƙwabta suka leƙo. Ba ko dala a kan tabarmar.

Kirana ga iyaye, da malaman makarantu, da limamanmu na Zongo shi ne mu riƙa duba abin da ke gefen allo kafin mu yi faɗa da allon. Ku leƙa bayan azuzuwa lokacin hutu, ku tambayi yaro me ya ci da kuɗin da aka ba shi da safe. Kuma kafin mu tambaye shi inda ya koya, mu fara tambayar kanmu abin da ya gani a hannunmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya tsare mu daga cin haram komai ƙanƙantarsa.