A fara da lissafin wuta kafin a sayi kayan haɗa kwamfuta

Tun bayan da sojojin Sudan suka sake karɓe birnin Hartum a watan Maris na 2025, jama'a suka soma komowa unguwanninsu, ciki har da Sahafa da maƙwabtanta na kudancin birnin. Abin da akasarin masu komowa suka tarar sananne ne ga kowa: shaguna a farfashe, an kwashe kayan ciki, an tone wayoyin lantarki saboda tagullar da ke cikinsu. Cikin waɗanda wannan asara ta fi shafa akwai masu shagunan buga takardu da wanke hoto, da masu koyar da kwamfuta, da ƙananan makarantu, domin jarinsu gaba ɗaya bai wuce kwamfuta da firinta ba. Matasanmu da yawa na neman tayar da irin wannan sana'a da ɗan kuɗin da wani ɗan'uwa ya aiko daga Jidda ko Kano, kuma tambayar da suke yi ita ce, wace irin na'ura za a saya?

Ra'ayinmu shi ne, duk wanda zai zauna wuri guda ya yi aiki, ya fi masa alheri ya sayi kayan ɗaya bayan ɗaya ya haɗa kwamfutar tebur da hannunsa. Sai dai da sharaɗi. Kada ya fitar da ko fam ɗaya sai ya zauna da takarda da biro ya yi lissafi, kuma lissafin ya fara daga wutar da yake da ita a shagonsa da aikin da zai yi, kafin ya kai ga sunan furosesar da abokai ke yabo.

Mun san akwai masu cewa kwamfutar tafi-da-gidanka ta fi dacewa da halin da muke ciki, kuma maganarsu na da ƙarfi. Lokacin da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023, wanda ke da ta tafi-da-gidanka ya jefa ta a jaka ya fita da ita, mai ta tebur kuwa ya bar tasa ga ɓarayi. Ban da haka tana da batirinta, ba ta mutuwa idan an ɗauke wuta. Ga ɗalibi ko ɗan jarida mai yawo, ba mu da ja a kan wannan. Amma mai shago ya tuna cewa yawancin na tafi-da-gidanka na yanzu an liƙe furosesarsu a jikin allo, wasu har da ram ɗin, idan abu guda ya ƙone sai a yi asarar na'urar dungurungum. Ta tebur kuwa, abin da ya lalace shi kaɗai ake cirewa a sa wani. Game da batun gudu kuma, abin da ya fi daraja a kwamfuta shi ne ayyukan da ke cikinta, kuma ma'ajiyar zamani irin ta M.2 faɗinta milimita 22 ne, tsawonta milimita 80, sukurun guda ke riƙe da ita. A cikin minti biyu mutum zai kwance ta ya sa a aljihun riga.

Haɗa kwamfuta ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Daga 1997 zuwa Oktoban 2017 Sudan na ƙarƙashin takunkumin tattalin arziki na Amurka, saboda haka kayan kwamfuta sukan biyo ta Dubai ne da wasu kasuwannin, masu gyara a Suƙ al-Arabi su haɗa wa mai saye. A wancan lokaci idan ram bai shiga ba, sai mutum ya koma shago a canja masa. Yaƙi ya yi wa wannan kasuwa mummunar ɓarna, kuma wanda ya yi saƙon kaya daga Alƙahira ko Dubai ko Jidda, ta hannun matafiyi ko ta Fot Sudan, ba shi da wanda zai mayar wa idan kayan ba su dace da juna ba. Kuskuren da a da ake gyarawa da kuɗin mota, yanzu yana iya cinye rabin jari.

To, daga ina za a fara? Daga wuta. A cikin 2025 an sha kai hare-haren jirage marasa matuƙi a kan tashoshin lantarki, har da na madatsar ruwa ta Marawi wadda aka buɗe a 2009, kuma garuruwa da dama sun kwana cikin duhu saboda haka. Shi ya sa mutane da yawa suka koma ga sola da batir da inbata. Wanda zai dogara da sola dole ya san wat nawa na'urarsa za ta sha. Furosesa irin su Ryzen 5 5600G ta kamfanin AMD ko Core i5-12400 ta Intel an ƙiyasta su a kan wat 65, kuma dukansu suna fitar da hoto da kansu ba tare da katin hoto na daban ba. Kwamfutar da aka gina a kan ɗayansu ta ishi mai buga takardu, da mai gyaran hoton fasfo, da mai tace murya a gidan rediyo da manhaja irin Audacity. A ɗaya ɓangaren kuma, katin hoto samfurin RTX 4090, wanda samari ke gani a bidiyon masu wasannin kwamfuta, shi kaɗai yana shan wat 450. Wanda ya ɗora irin wannan a kan batir biyu, kafin la'asar ya rufe shago. Kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Bayan an tsayar da furosesa sai uwar allo, wadda masu gyara ke kira madabod, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa ke yin tuntuɓe. Kowace furosesa tana da mazauninta, wato soket, kuma ba ta zama a na wata. AMD na da AM4 wanda ya fito a 2016, da AM5 wanda ya fito a 2022. Intel na da LGA1700 na 2021, mai ɗaukar furosesa 'yan ƙarni na 12 da 13 da 14, sai kuma LGA1851 na 2024. Furosesar AM4 ba ta shiga AM5 duk da kamfani ɗaya ya yi su, balle ta shiga allon Intel. Ko da soket ya yi daidai, akwai sauran abin dubawa. Allo samfurin B450 da aka ƙera kafin fitowar Ryzen 5000 ba zai tashi da 5600G ba sai an sabunta masa manhajar da ke cikinsa, wadda ake kira bayos. Saboda haka a tambayi mai sayarwa tun kafin a biya ko an sabunta, in da hali ya kunna ya nuna.

Akwai kuma harafi guda da ke jawo wa mutane baƙin ciki. A furosesar Intel, idan lamba ta ƙare da F, kamar i5-12400F, ba ta fitar da hoto. Takan fi araha kaɗan, sai mai saye ya ɗauka ya yi dabara, ya haɗa komai ya kunna, fanka na juyawa amma talabijin ɗin kwamfutar baƙi ƙirin, sai ya nemo kuɗin katin hoto da bai shirya wa ba. A AM4 kuma harafin G shi ne alamar mai fitar da hoto: 5600G na yi, 5600 zalla ba ta yi.

Sai ram. DDR4 da DDR5 suna kama da juna a ido, dukansu haƙora 288 gare su, amma giɓin da ke tsakiyarsu ba wuri ɗaya yake ba, don haka ɗaya ba ya shiga ramin ɗaya, wanda ya danna da ƙarfi kuwa ya karya. AM4 na aiki da DDR4 kaɗai, AM5 da DDR5 kaɗai. Allunan LGA1700 kashi biyu ne, wasu na DDR4 wasu na DDR5, sai an karanta jikin kwali. A ƙarshen 2025 farashin ram ya yi tashin gwauron zabo a duniya saboda manyan kamfanonin ƙirƙirarriyar basira sun yi ta saye, wannan ma wani dalili ne na tambayar farashin ram kafin a zaɓi allo. Ga aikin shago, gigabayit 16 a sanda biyu masu 8 kowanne ya fi sanda guda mai 16 sauri, musamman idan furosesar ce ke fitar da hoto.

Akwati ma yana da ma'auni. Allon ATX tsawonsa milimita 305 ne, faɗinsa 244, na microATX 244 ne ta kowane gefe, Mini-ITX kuwa 170. Ƙaramin allo na shiga babban akwati, babba ba ya shiga ƙarami. A nan muna jan kunnen masu son yin gauraye da tsofaffin kwamfutocin ofis na Dell ko HP da ake shigowa da su gwanjo. Da yawansu ƙirarsu ta kamfanin ce kaɗai, wayar wutar da ke shiga allonsu daban take da ta gama-gari, don haka sau da yawa ba a iya cire allonsu a sa a akwatin kasuwa. Idan an same su da lafiya a yi aiki da su yadda suke, amma a duba shekarunsu. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 na neman furosesar Intel daga ƙarni na 8 zuwa sama, ko Ryzen 2000 zuwa sama. Abin da ya gaza haka sai dai a ɗora masa Linux, irin su Ubuntu ko Mint, waɗanda kyauta ne.

Wurin da muka fi ganin ana ƙwauro shi ne fawa, wato akwatin da ke karɓar wutar bango mai bolt 230 ya rarraba wa sauran kayan. Mutum zai kashe kuɗi mai yawa a kan furosesa, sannan ya ɗauki fawar da aka ba shi kyauta tare da akwati, marar suna marar nauyi. Idan irin wannan ta ƙone takan tafi da allo da ma'ajiya. Araha ba ta ado. A nemi ta sanannen kamfani mai tambarin 80 Plus, wanda ke nuna cewa aƙalla kashi 80 cikin ɗari na wutar da ta sha tana kaiwa ga na'ura maimakon ta zama zafi. Ga kwamfutar da ba ta da katin hoto, mai wat 400 zuwa 450 ta isa har da rara. A sa kuɗin UPS ko sitabilaiza cikin kasafi tun farko, kuma mai inbata ya binciki irin wutar da take fitarwa, domin fawa ta zamani ta fi jituwa da inbata mai fitar da wuta sumul irin ta layin gwamnati, ƙananan masu araha kan sa ta ƙara ko ta mutu.

Kada kuma a manta da ƙasar da muke zaune. A watan Mayu zafin Hartum na haura digiri 40, ga ƙurar habub da ke tasowa gabanin damina. A zaɓi akwati mai raga a gaba da fanka biyu aƙalla, guda na shigar da iska guda na fitarwa, a ɗora shi a kan tebur kada a ajiye a ƙasa, a riƙa buɗewa ana hure ƙura duk wata. Ranar haɗawa kuma, mutum ya taɓa ƙarfen akwati kafin ya ɗauki ram ko furosesa, saboda wutar da ke taruwa a jiki lokacin bushewar iska tana iya kashe su, kuma kada ya manta da man da ake shafawa tsakanin furosesa da fankarta.

Kiranmu na ƙarshe ga shugabannin al'ummar Hausawa ne da ƙungiyoyin matasa na Sahafa da Umdurman. Akwai tsofaffin masu gyara da suka rasa shagunansu suna zaune ba aiki, akwai kuma samari da 'yan mata da yaƙi ya katse wa karatu. Me zai hana a haɗa su? Ɗaki guda a makarantar unguwa, da tebur, da sukundireba, da matacciyar kwamfuta biyu ko uku na koyo, sun isa a fara. Kuma duk mai shirin yin saƙon kaya daga waje ya kawo takardarsa a duba masa layi-layi, soket da ram da akwati da fawa, kafin ya tura kuɗi. 'Yan'uwanmu da ke Kano sun ga yadda kasuwar waya ta Farm Centre ta zama wurin cin abincin matasa masu yawa, waɗanda suka koyi gyara a gaban wani maigida. Yaron da ya haɗa kwamfutar shagon gidansu da hannunsa, shi ne gobe za a kira idan ta maƙwabci ta ƙi tashi, kuma ba zai dawo hannu wofi ba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, amin.